Kwana biyu da taurari a gefen Lagdo: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mana

Mu 'yan ƙalilan ne a Garwa, arewacin Kamaru, da kallon sama ya haɗa mu: malaman makaranta, ɗalibai, wani mai gyaran waya, wani tela, da wata ungozoma da ta fi kowa kaifin ido a cikinmu. Idan damina ta ɗauke, mukan fita bayan gari mu kwana biyu, daga Juma'a zuwa Lahadi. Duk dawowa sai an tare mu da tambayoyi iri ɗaya, a majalisa ko a waya, shi ya sa muka tara su nan.

Me kuke zuwa yi a daji da dare?

Kallo. Mu shimfiɗa tabarma, mu kashe fitila, mu ɗaga kai. Mai madubin hangen nesa ya kafa nasa, sauran su bi layi. Tsakanin wannan da wancan ana shan shayi, ana gardama. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya yi karatun ilimin taurari a jami'a.

Malam, wannan ba duba ba ne?

A'a. Wannan ita ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma suna da gaskiyarsu. Mai duba yana cewa tauraro kaza zai kawo maka arziki ko ya hana ka aure. Mu ba ruwanmu da wannan, kuma duk wanda ya zo da shi sansani za a ba shi haƙuri. Abin da muke tambaya shi ne: wane tauraro ne wancan, nisansa nawa, yaushe yake fitowa, yaushe yake faɗuwa. Ilimi ne da Musulmi suka daɗe suna hidimarsa saboda lokutan salla da alƙibla da tafiyar dare. Har yau taurari da yawa Turawa na kiran su da sunayen Larabci da aka karkatar: Aldebaran daga Dabaran ne, Rigel daga Rijlu, wato ƙafa. Tauraron da ya fi kowane haske a dare, Shi'ira, da sunansa aka ambace shi a Suratun Najmi.

Taurarin ba su ne dai a saman gidana ba? Me ya sa sai an bar gari?

Su ne, amma ba ka ganin su. Ka tuna daren da aka ɗauke wuta a unguwarku gaba ɗaya, ka fito tsakar gida ka ga sama ta cika kamar an watsa gero. To, wannan ma rabi ne, don hasken sauran unguwanni da fitilun motoci suna nan. Muna sauka ne a wani fili kusa da wani ƙauye a yankin tafkin Lagdo, kudu maso gabashin Garwa, inda duwatsu suka tare mana hasken gari. A can ake ganin farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ta ratsa sama, wadda Larabawa ke ce wa Majarra. Baƙo yakan ɗauka gajimare ne ya taso. Ka ɗora madubi a kanta, sai ka ga taurari ne cunkus, ba su ƙirguwa. Ranarmu ma ɗaya ce daga cikinsu.

Yaushe kuke fita?

Abu biyu muke duba, wata da gari.

Wata shi ne babban kishiyar taurari. Farin watan sha huɗu yana da daɗin hira, amma yana shafe duk wani abu mai rauni a sama. Don haka muke zaɓar ƙarshen makon da ya faɗa tsakanin 26 ga watan Musulunci zuwa 3 ga mai kamawa. Kalandar masallaci ta ishe ka sanin lokacin.

Gari kuwa, mafi kyawunsa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa farkon Disamba. Ruwa ya wanke iska, hadari ya tafi, hazo bai yi kauri ba tukuna. Daga nan sai abin ya zama sa'a. Ƙurar da ke rufe mu a hunturu, da yawanta daga Chadi take tasowa, daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabashin Tafkin Chadi. Ƙasan tsohon tafki ne da ya ƙafe, iska na kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi garin ƙasar ta yi sama da shi, kuma masana na lissafa wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. In ta taso, ba ta daɗewa take iso mu. Akwai Janairun da muka ɗora kaya a mota sama garau, washegari ko dutsen da ke gabanmu ba mu gani.

A Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, amma wasunmu na fita duk da haka, don lokacin ne taurarin kudu ke fitowa da wuri.

Ba ni da madubin hangen nesa. In zo?

Ka zo. Kuma don Allah kada ka saya tukuna.

Ni na yi wannan gaggawar. Na ga wani a kanti, kwalinsa ɗauke da hotuna masu launi, an rubuta yana ƙara girman abu sau ɗaruruwa. Na biya kuɗin da har yau ban faɗa wa uwargida adadinsa ba. Ƙafafunsa kamar na sauro, ko tari aka yi kusa da shi sai ya girgiza. Na shafe rabin dare ina neman wata, wata fa, ban kama shi ba. Abin da na koya daga baya shi ne, ba yawan ƙarin girma ake nema ba, faɗin gilashin ake nema, don shi ke tara haske.

Mai farawa ya fara da idonsa. Sai ƙaramin madubi mai ido biyu, wanda masu Faransanci ke ce wa jimel. Ka nemi wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa: lambar farko ƙarin girma ce, ta biyu faɗin gilashin ne a milimita. Ka jingina gwiwar hannu a kan mota ko turmi don kada ya yi rawa. Babban madubin da muke da shi irin na Dobson ne, bututu mai kaurin ganga a kan akwatin katako. Wani kafinta a gari ya gyara mana gindinsa, kuma kowa na leƙawa kyauta.

To me zan gani da ido kawai?

Bari mu ɗauki daren Disamba. Bayan isha'i ka fuskanci gabas, za ka ga Kaza da 'Ya'yanta ta riga ta yi sama, ita ce Surayya a Larabci, abokanmu Fulani kuma su ce Daccuki. Yawancin mutane shida suke ƙirgawa, mai kaifin ido ya ga bakwai ko fiye. A jimel sai kaza ta zama mai 'ya'ya gommai. Hasken da ke shiga idonka ya baro ta shekara wajen 440 da suka wuce, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Na rana minti 8 da 'yan kai yake yi ya iso mu.

Ƙasa da ita akwai Dabaran mai ja-ja, sai taurari uku a jere, tsaf kamar an auna da igiya. Ka bi layinsu ƙasa, za su kai ka ga Shi'ira, mai walƙiya kamar ana hura garwashi. Shi maƙwabci ne, tafiyar haske ta shekara 8.6 kawai. Can kudu kuma, idan dare ya yi nisa, Suhailu zai bayyana, na biyu a haske. Mutanen Faransa da Ingila ba sa ganin sa ko kaɗan daga ƙasashensu, mu kuwa yana hawa mana kusan digiri 28.

Nan ne zamanmu kusa da tsakiyar duniya ya yi mana rana. Garwa na kan digiri 9 da ɗan ɗori arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka muna cin kasuwa biyu: kusan duk taurarin arewa, da mafi yawan na kudu. A Afrilu da Mayu, ko da asubar Janairu, ana ganin taurari huɗun nan na kudu masu siffar gicciye, da kuma Alfa Sentauri a gefensu, wanda gidansa ne mafi kusa da ranarmu, shekara 4 da 'yan watanni na tafiyar haske.

Abu mafi nisa da idonka zai kama shi ne Andromeda, wani ɗan dishi-dishi a arewa kamar an shafa alli da yatsa. Garken taurari ne irin namu na Majarra, nisansa shekara miliyan 2.5 na tafiyar haske. Wani masani Bafarishe, Abdurrahman as-Sufi, ya siffanta shi da ƙaramin gajimare tun wajen shekarar 964. Dabarar ganin sa: kada ka zuba masa ido kai tsaye, ka ɗan kauce gefe, don gefen ido ya fi jin haske mai rauni.

Kakana yana lissafin taurarin damina. Su ma ana ganin su?

Wannan tambayar ta fi kowace yi mana daɗi, don amsarta ba mu muka kawo ta sansani ba, a can muka same ta.

A fitarmu ta biyu wani dattijo manomi ya zo ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe bai ce komai ba. Ɗaya daga cikin ɗalibanmu na ta karanto sunaye daga waya. Can sai dattijon ya ce, "Yaro, a cikin na'urar taka akwai Haƙa'a?" Yaron ya ce, "Baba, ban san ta ba." Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna wasu ƙananan taurari uku a cure, arewa da ukun nan na jere. Muka duba, ita ce, kan siffar da Turawa ke kira Oriyon.

Lissafin da manoma da malaman zaure ke yi na masaukai 28 ne, wato rukunonin taurarin da rana ke bi ta kansu a shekara, kowane yana riƙe kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14, jimla 365. Sunayen da kuke ji ana cewa Haƙa'a ta kama, ko Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, ba sunaye ne na baka kawai ba, kowane yana da taurarinsa a sama. Zira'a taurari biyu ne masu haske kamar tagwaye. Nasara wani ɗan tabo ne fari, a jimel sai ya fashe ya zama tarin taurari kamar ƙudan zuma. Jabha kuwa goshin wasu taurari ne masu siffar zaki.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, a damina ba a samun su da dare. Lokacin suna tare da rana, sai dai a hango su gab da asuba in gari bai yi hadari ba. Wanda ke son ya ƙare musu kallo, hunturu zai jira. Haƙa'a ma a tsakiyar Disamba, da tsakar dare, bisa tsakar kanmu take bi, don tana daidai da layin da Garwa da Marwa suke kai. Sai ka kwanta rigingine za ka gan ta da kyau. Tun daga ranar, duk ƙauyen da muka sauka sai mun nemi a gayyato mana tsofaffi. In kakanka na da ƙarfin tafiya, ka taho da shi, kujerar gaba tasa ce.

Zara da Gamzaki fa, wanne ya fi haske?

Abu ɗaya ne. In ta fito yamma bayan magariba mu ce Zara matar wata, in ta koma gabas da asuba mu ce Gamzaki. Kuma ba tauraro ba ce irin sauran, duniya ce mai zagaya rana, Zuhra ta Larabawa, tana maimaita wannan kai-komo duk kwana 584. A madubi takan zama rabi ko lauje, tamkar ƙaramin wata. An yi gardama a kan wannan har shayi ya huce.

Mushtari, wata duniyar mai zagaya rana da Turawa ke kira Jupiter, na nuna watanninsa huɗu a jere, waɗanda masanin Italiya Galileo ya fara gani a 1610. Ka zana inda suke daren Juma'a, ka sake dubawa daren Asabar, za ka ga sun canza wuri. Zuhalu kuwa, duniyar nan mai zobe da Turawa ke kira Saturn, shi ne mai sa manya salati. Duk wanda ya fara ganin zobensa sai ya zagaya gaban madubin ya leƙa, ko mun manna hoto. Amma waɗannan masu yawo ne, ba kullum suke sama da dare ba, sai an duba shekarar.

Da gaske tauraro yana faɗowa?

Ba tauraro ba ne. Tsakuwa ce, yawanci ba ta wuce ƙwayar gero ko dawa ba, ta shigo iskar duniya a guje ta ƙone a can sama, kilomita 80 zuwa 100. Akwai dararen da suke yawa. Namu shi ne 13 da 14 ga Disamba kowace shekara, lokacin da duniya ke ratsa ɓaraguzan wani dutsen sama mai suna Fayeton, wanda aka gano a 1983. In ba wata ba hazo, masana na cewa sukan kai 120 a awa, ko da yake mutum ɗaya ba ya kama duka. Ba a buƙatar madubi, bargo kawai. Akwai wani ruwan irinsa 12 da 13 ga Agusta da ake ta yayatawa a intanet, amma mu lokacin tsakiyar damina ne, gajimare ke cinye shi.

Na ga wani haske yana tafiya a hankali, ba ƙara. Mene ne?

In yana ƙyaftawa ja da kore, jirgi ne. In ba ya ƙyaftawa, tauraron ɗan'adam ne da hasken rana ya dokar masa. Mafi haskensu tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, tana kilomita wajen 400 a sama, tana zagaye duniya cikin minti 90 ko sama kaɗan, da mutane a ciki. In kuwa ka ga fitilu a jere kamar ayarin raƙuma, taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu ba da intanet, da ba a daɗe da harbawa ba.

Tsaro fa?

Ba ma wasa da shi. Kafin mu sauka ko'ina sai mun je gaisuwa wurin jauro ko lawan, wato masu gari, mun faɗi ko mu su wane ne, mun kuma sanar da jandarma mafi kusa. Kowa ya riƙo katin shaidarsa. Ba ma tafiyar dare, ba ma nisa da gidaje. Ana yawan ce mana me ya hana mu zuwa Rumsiki, ko gindin dutsen Mindif kusa da Marwa. Sama a can ba magana, amma wurin da mutanensa suka ce mana a dakata, dakatawa muke yi.

Mun koyi darasin sallama tun fitar farko. Mun gaida mai gari, amma ba mu yi wa makiyayan da ke bayan dutse bayani ba. Suka hango mutane a duhu da wani dogon bututu ya nufi sama, ga koren hasken da muke nuna taurari da shi na yawo. Suka iso da sanduna. Allah ya sa akwai mai jin Fulatanci sosai a cikinmu, aka gaisa, aka sa babbansu ya leƙa Mushtari. Da safe suka aiko da ƙwaryar nono.

Sauran haɗarin na ƙasa ne: kunama da kububuwa, wadda ta yi yawa a kwarin Binuwai. Muna share filin tun da rana. Takalmi rufaffe dole ne, kuma a kakkaɓe shi kafin a saka. Ba a sauka bakin ruwa da dare, akwai dorina.

Me zan riƙo?

Tabarma, bargo, gidan sauro, ruwan sha, buta. Rigar sanyi da hula mai rufe kunne, ko da kana jin kai ɗan Garwa ne ba ka san sanyi ba, ƙarfe uku na daren Janairu zai sanar da kai. Abinci karo-karo muke yi, kifi kuma a wurin masunta muke saya. Kilishi na taimaka wa mai yaƙi da barci. Kuɗin mota ana raba shi daidai.

Me ya sa kuke faɗa in an kunna tocila?

Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma cikin daƙiƙa ɗaya yake rushe wannan. Ka ɗaura jar leda ninki biyu a bakin tocilarka, jan haske bai cika ɓata ido ba. Waya a rage haskenta, manhajar gane taurari ta Stellarium ma na da yanayin ja. Mai mota ya juya ta tun da rana. Koren hasken nuni mutum ɗaya ke riƙe shi, kuma ba a nuna jirgi da shi ko da wasa.

Mata da yara na zuwa?

Suna zuwa. Mata na kwana a cikin gida a ƙauyen, wurin iyalan da muka saba da su, filin kallo kuma ɓangarensu daban. Yaro sai da babba nasa. Yara sun fi mu ganin taurari masu rauni, sai dai ƙarfe goma ta yi sun yi barci.

Yaya kuke gane alƙibla a can?

Da tauraron arewa, wanda ba ya gusawa. A nan ƙasa-ƙasa yake: ka miƙe hannu, ka dunƙula, ka ɗora a kan layin ƙasa, yana wajen saman dunƙulen. Daga shi ka juya dama kimanin digiri 60, wato gabas mai karkata arewa. In hazo ya ɓoye shi, masallacin ƙauyen na nan.

Ku ne za ku riƙa gaya mana ranar azumi da salla?

A'a, wannan na shugabannin addini ne. Mukan nemi jinjirin wata don sha'awa, kuma in mun gani mu kai shaida inda ake kaiwa kamar kowa. Abin da muka sani shi ne, watan da bai kai awa 15 da haihuwa ba ido ba ya kama shi.

Zan iya kallon husufin rana da madubin?

Kada ka kuskura. Rana ta madubi tana ƙona ido nan take, kuma ba ya dawowa. Baƙin tabarau, gilashin da aka shafa wa hayaƙi, tsohon hoton ƙashi na asibiti, duk ba sa karewa. Ka huda takarda da allura ka kalli hasken da ya faɗa ƙasa, ko ka duba inuwar dalbejiya, za ka ga ƙananan lauje birjik. Manya na tuna na 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a wasu sassan Najeriya da Nijar da arewacin Chadi. Na 2 ga Agusta 2027 zai bi ta Masar da Makka, mu wani ɓangare za mu samu. Husufin wata kuwa ba ya cutar da ido, ka kalla yadda kake so.

Wayata za ta ɗauki hoto?

Na wata, ƙwarai, in ka daidaita ta a bakin madubi ka riƙe numfashi. Na taurari sai ka jingina ta da dutse ka sa yanayin dare. Amma launukan da kake gani a intanet aikin kyamara ne da ta daɗe tana tara haske. A madubi yawancin abubuwan toka-toka ne, gara ka sani tun daga gida.

In mun je hazo ya rufe fa?

Sai mu ci kifi, mu saurari tsofaffi, mu gwada ƙarfe huɗu na asuba, don wani lokaci saman kai yakan ɗan buɗe ko da gefe ya toshe. Kuɗin mota dai ba ya dawowa.